Tsoffin Zannuwan Iyayenmu: A Yanka Ko A Bari?

Da wuya ka shiga tsohon gida a Kano, ko Zariya, ko Damagaram, ka rasa adaka ko akwatin ƙarfe da aka tura ƙarƙashin gado, wanda ba a buɗe shi sai da dalili. Idan aka ɗaga murfin, warin kafur ne zai fara tarbarka, sannan ka ga kaya a ninke, wani bisa wani: atamfar lefen da aka kawo tun kafin a haifi babbar 'ya, kallabin siliki da aka zo da shi tsaraba daga Makka, gyalen da aka yafa ranar suna, zanen saƙi na kaka, da zanen gado mai furanni wanda aka yi wa aikin allura lokacin jere. Shekara da shekaru kayan nan ba su da wani aiki. Iyakaci a fito da su a shanya bayan damina, a sake ninkewa a mayar.

Yanzu an samu masu son ba su aiki. 'Yan mata da amare suna gani a wayoyinsu yadda ake ƙawata ɗaki da tsofaffin yaduka a wasu ƙasashe. Turawa suna sa tsohon ɗankwalin siliki na kamfanin Hermès, wanda ya fara buga irinsa a 1937, cikin gilashi su rataye a falo. Matan Bangaladash da na Bengal ta Indiya sun daɗe suna haɗa tsofaffin sari su ɗinke su zama abin rufa, suna kiransa kantha. Sai 'yar gida ta ce ai mu ma muna da namu. Ta nemi a ba ta atamfar Hajiya ta yi rigar matashin kujera, kallabin a sa shi a firam, zanen saƙin a yi labule da shi. Hajiya ko Gwaggo kuwa ta ce ba da ita ba. Na saurari ɓangarorin biyu, kuma ban ga wanda hujjarsa ta yi raunin da za a ture ta da hannu ɗaya ba.

Hujja mafi ƙarfi a wurin masu son a fito da kayan ita ce, zanen da ke cikin adaka ba a ajiye yake ba, lalacewa yake yi a ɓoye. Duk wadda ta taɓa warware atamfar da ta shekara talatin a ninke ta san wannan. Wurin ninkin ya koɗe ya yi fari, kamar an ja layi da alli. Idan aka ɗaga ta a haske za a ga zaren wurin ya sirance, ana ɗan ja sai ta yage a miƙe. Ga ɗigon tsatsa da akwatin ƙarfe ya bari a wanda yake ƙasa, ga ramukan da asu ya yi wa siliki, ga inda kyankyaso ya bi sitaci ya ci. Idan gara ta samu hanya kuwa, damina ɗaya ta ishe ta ta gama da lefe guda. Masu wannan ra'ayi suna cewa, tun da ko an taɓa ko ba a taɓa ba kayan ƙarewa za su yi, gara su ƙare ana kallonsu ana tuna mai su.

Suna ƙarawa da cewa ba wani baƙon abu suka ɗauko ba. Bahaushiya ba ta taɓa zubar da zane ba. Idan ya tsufa ya zama na aikin gida, daga nan ya koma majanyi, ko a yayyaga a yi ƙunzugun jariri, ragowar a naɗe a yi gammo, ƙyallen ƙarshe kuma a cusa a matashin kai ko a yi wa yarinya 'yar tsana. Haka nan ƙawata ɗaki da abin da mace ta mallaka tsohuwar al'ada ce. Jeren da iyayenmu suka yi na tasoshi da langa da kwalla da samira, an ɗora su har kusa da rufi, ai ba don a ci abinci a cikinsu duka aka jera su ba. Don a gani ne, a san gidan da ta fito. To in kwano ya samu wannan gata, me zai hana zane, wanda ya fi kwano kusanci da jikin mai shi?

Akwai kuma maganar inganci, kuma a nan ina tare da su ɗari bisa ɗari. Yawancin abin da ke cikin waɗannan akwatuna ba za a sake samun irinsa ba. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, zamanin gwamnatin Sardauna, UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga masaƙun Kano, ga Sonitextil a Yamai. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ce take shiga injinan Kaduna ta fito yadi. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Yau idan ka zaga Kantin Kwari, mafi yawan atamfar da ke kan kanta daga Sin aka kawo ta, wata ma roba ce zalla, ba ta shan gumi, wanki kaɗan ta koɗe. Saboda haka atamfar Kaduna da ke cikin adakar kakarki shaida ce ta wani zamani da muke tufatar da kanmu da audugarmu. Ko Holan ɗin da kamfanin Vlisco yake bugawa a Helmond, kamfanin da aka kafa tun 1846, da Ingila, da Kodebuwa, da Nichem, na da ɗin suna da kauri da kamun rini da duk wanda ya taɓa su zai ji bambanci. Yaron da ya tashi yana ganin irin wannan yadi a ɗakin uwarsa zai tambaya, a ba shi labari. Wanda aka kulle masa shi a ƙarƙashin gado ba zai san ma an yi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu wannan ra'ayi, amma sai an buɗe tulun.

Sai dai wannan hujja ta inganci takan juyo ta sari masu ita. Idan abu ba a sake yin irinsa, wannan dalili ne na a yi taka-tsantsan da shi, ba na a miƙa wa tela ba. Nan ne iyaye suke fara tasu maganar.

Abu na farko da suke faɗa shi ne zane sutura ne. Turmin atamfa yadi shida ne, ya ishi mace riga da zane da kallabi. A unguwar da kike zaune akwai bazawarar da zanenta biyu ne a duniya, tana wanke ɗaya tana ɗaura ɗaya. Akwai marainiyar da za a aurar ba ta da na fitar biki. Da wace fuska za a ɗauki zane lafiyayye, wanda zai rufa wa mutum asiri shekara biyar, a daddatsa shi a tufatar da matashin kujera? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ban taɓa jin wanda ya ba ta amsar da ta gamsar da ni ba, muddin zanen mai ɗauruwa ne. A halin da ake ciki na tsadar rayuwa, da mata da yawa sun koma Ƙofar Wambai suna tonon gwanjo, ba na jin ado ya isa ya sha gaban sutura.

Na biyu, zane dukiya ne. Matan da suka riga mu sun san abin da suke yi da suke tara atamfa ba su ɗinka ba. Ranar da ciwo ya zo, ko kuɗin makaranta, ko mai gida ya shiga matsi, sai a kira dillaliya a asirce, ta ɗauki turmi ɗaya ta shiga gidaje, kafin magariba ta dawo da kuɗi. Holan da ba a sa mata almakashi ba tana da farashi ko bayan shekara ashirin. Wadda aka mayar rigar matashi guda huɗu ba mai sayenta. Yarinyar da take ganin tsohon yadi ne kawai ba ta san asusun uwarta take shirin fasawa ba.

Sannan ga maganar haƙƙi, wadda sau da yawa ake tsallakewa. Idan mai kayan ta rasu, zannuwanta da kallabanta da zannuwan gadonta duka sun shiga dukiyar gado. Mijinta yana da rabonsa, kashi ɗaya cikin huɗu idan ta bar 'ya'ya, 'ya'ya maza suna da nasu duk da ba za su ɗaura zane ba, iyayenta idan suna raye suna da nasu. A gidaje da yawa maza sukan yafe wa mata kayan sawa, kuma hakan abu ne mai kyau, amma yafewa sai an furta. 'Yar da ta riga kowa buɗe akwati, ta zaɓi mafi kyau ta kai wa tela don ta tuna da mahaifiyarta, niyyarta mai kyau ce, amma ta taɓa abin da ba nata ita kaɗai ba. Idan akwai maraya ƙarami cikin magada, abin ya ƙara tsanani, domin shi ba a yafewa a madadinsa haka kawai. Na san gidan da 'yan'uwa mata biyu suka daɗe ba sa ga-maciji a kan gyale ɗaya, ba don kuɗinsa ba, don ɗaya ta yanke hukunci a kansa ba ta shawarci ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma da tsofaffi ba su cika iya bayyana shi da kalmomi ba, amma ana ganinsa a fuskarsu. Zanen uwa ba yadi ne kawai ba. Da shi ta yi goyo, da shi ta share hawaye, wataƙila a cikinsa ta yi jinyar ƙarshe. A ce yau baƙo namiji ya shigo falo ya jingina da shi, ko yaro ya taka shi da ƙafa, ko a ɗora masa kwanon miya, wannan yana sosa musu rai. Wasu sukan haɗa da camfi, su ce ba a barin ƙyallen mutum a fili don kada a yi masa asiri da shi. Camfin ban ɗauke shi hujja ba. Kunyar kuwa na ɗauke ta, domin tana cikin abin da ya sa muka zama mu. Wanda ya ce wa tsohuwa ai yadi yadi ne, bai fahimci abin da take karewa ba.

Har a ɓangaren lalacewa ma iyaye suna da abin cewa. Gaskiya ne adaka tana cin zane, amma fili ya fi ta saurin ci. Labulen atamfa da aka rataya a tagar da ke kallon yamma, kafin shekara ta zagayo ja ya koma ruwan hoda, shuɗi ya dusashe. Siliki ya fi kowane yadi tsoron rana, yana bushewa ya riƙa tsagewa da kansa. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin zare, hayaƙin turaren wuta, wanda ɗakin Bahaushiya ba ya rabuwa da shi, yana barin maiƙo mai kama ƙurar, sai wanki ya yawaita, kowane wanki kuma yana rage kwanan yadi. Rinin shuni irin na Ƙofar Mata da ɗan Kura mai ƙyalli yana zuba, idan aka shimfiɗa shi a farar kujera zai bar mata shaida. Abin da ya jure shekara arba'in a duhu zai iya ƙarewa cikin shekara uku a falo.

Da na kai nan a tunanina sai na ce, to mafita ita ce a daina yanka, a riƙa rataye zanen cikakkensa a bangon da rana ba ta kai wa. Amma wannan ma yana da nasa ƙalubalen, daga ɓangaren addini. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta rataya wani yadi mai hotuna a ɗakinta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ƙinsa, aka sauke shi. A ruwayar Muslim ya nuna cewa tufatar da bango ba ya cikin abin da aka umarce mu da shi. Ta yanka yadin ta yi matashi biyu, ta cusa musu zaren dabino, bai kuwa aibata mata hakan ba. Imam Nawawi a sharhinsa ya ɗauki lulluɓe bango da yadi a matsayin karhanci, bai kai shi ga haramci ba, amma ko karhancin abin lura ne ga mai son ya kiyaye. Atamfofinmu kuma da yawa suna ɗauke da tsuntsaye da kifi da dawaki, ga na anko masu fuskokin 'yan siyasa da sarakuna. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne wannan ruwaya ta bai wa kowane ɓangare wani abu. Ta rage wa masu son ado a bango ƙarfi, ta kuma nuna cewa mayar da yadi matashi abu ne da aka yi a gida mafi daraja. Saboda haka wadda take ganin matashi wulaƙanci ne ga kowane irin yadi, ita ma sai ta sassauta. Dalla-dallan hukuncin na malamai ne, a tambaye su.

To ina na tsaya? Ina ganin kuskuren ɓangarorin biyu ɗaya ne: suna magana a kan abin da ke cikin adaka kamar duk iri ɗaya ne, alhali ba haka ba ne. Idan aka zazzage akwati a kan tabarma aka duba da idon basira, rigimar takan ragu da fiye da rabi.

Zanen da yake lafiyayye, mai ɗauruwa, wanda kuma ana samun irinsa a kasuwa, wannan ba na ado ba ne. A ɗaura shi, ko a ba wadda za ta ɗaura, ladan ya kai ga mai shi. A kan wannan ba na sassautawa, kuma ina ganin iyaye ne da gaskiya. Wanda ya riga ya yage a ninki, ko tsatsa ta ɓata tsakiyarsa, ko asu ya huda shi ta yadda ba mai iya fita da shi, ajiye shi ba biyayya ba ce ga kowa. A yanke inda ya rage da kyau, a yi masa shafi da alawayyo ko akoko ta ciki don ya samu ƙarfi, a yi rigar matashi, ko murfin akwati, ko a haɗa ƙyallaye daban-daban a yi mayafin gadon yara. A nan 'yan mata ne da gaskiya, kuma abin da suke yi ci gaba ne na abin da kakanninsu suka yi da gammo da majanyi. Idan zuciyar wani a gidan ba ta yarda baƙi su jingina da shi ba, a bar shi a uwar ɗaki. Ba dole ne kowane ado ya fito falo ba.

Wanda ya fi damuna shi ne kashi na uku, wato abin da ba shi da madadi: saƙin hannu, gwado, luru, tsamiya, rinin karofi na da, atamfar masaƙun da suka rufe, zanen gadon da kaka ta yi wa aiki da hannunta. Tun 1851 da Bature matafiyi Barth ya zo Kano ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, yadinta yana kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Yau masaƙan hannu sun yi ƙaranci, marina kuma da yawan karofinsu sun bushe. Irin wannan kaya bai kamata almakashi ya kusance su ba, ko da sun fara tsufa, kuma bai kamata su ci gaba da ruɓewa a ninke ba. Ana iya more su ba tare da yanka ba. Gwado a shimfiɗa shi a ƙarshen gado. Zanen saƙi a yafa shi a bayan kujerar da ba ta kusa da taga, a ɗauke idan za a yi turare. Kallabin siliki a naɗe matashi da shi a kama da ɗinkin hannu mai sauƙin warwarewa, ko a ɗinke gefensa a kan farin yadi kafin a sa a gilashi, kada a yarda mai firam ya shafa masa gam, domin gam ba ya fita. A riƙa sauya su, wannan ya yi wata uku a fili ya koma hutu, wani ya fito. Idan za a mayar, a naɗe a kan sanda maimakon ninki, a lulluɓe da farin yadi, kada ya taɓa ƙarfe. Wanki kuwa da ruwan sanyi da sabulu marar kaifi, ba a murzawa, ba a matsewa, a shanya a inuwa.

Duk wannan kuma yana zuwa ne bayan izini. Idan mai zanen tana raye, maganarta ce ta ƙarshe, ko da dalilinta bai gamsar da ke ba. Idan ta rasu, sai magada sun zauna an raba ko an yafe a fili.

Ke kuma 'yar'uwa da kika samu izini, kika tabbatar zanen na yankawa ne, ga roƙona gare ki. Kafin ki fita da shi, zauna da Hajiya ko Gwaggo ki tambaye ta wa ya saya, a wace kasuwa, don wane biki, ki rubuta a takarda ki ajiye. Sannan ki duba bakin zanen. A nan masaƙa take buga sunanta da lambar zanen, da shi ake gane na Kaduna da na Holan da na Legas, kuma shi ne abu na farko da tela yake datsewa ya watsar a ƙasa. Ki gaya masa tun kafin ya ɗauki almakashi cewa wannan bakin mai rubutu a ɗinke shi ta cikin rigar matashin, kada a zubar.